Baƙaƙen Hausa da Haƙƙin Talaka: Jawabi ga Hakimai da Magatakardan Ƙasar Birnin Gwari

 

Manufar wannan jawabi ita ce a bayyana yadda takardun da suka ƙunshi haƙƙoƙin 'yan Adam suka samu shiga intanet da harsuna masu yawa, har da Hausa, da irin dabarar da aka yi har baƙaƙen kowane harshe suka iya tafiya ta waya ba su lalace ba, da kuma abin da ya rage a wuyan hakimai da magatakardansu cikin wannan al'amari. Dalilin yin jawabin kuwa shi ne, haƙƙin da mai shi bai san da shi ba, ba ya amfaninsa ran da ya shiga uku. Mutum kuma ba ya sanin haƙƙinsa sai an faɗa masa da harshen da ya ke ji, ko an rubuta masa da rubutun da ya ke iya karantawa.

SANARWAR 1948

Ran 10 ga watan Disamba, 1948, Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya zauna a birnin Paris na ƙasar Faransa, ya amince da wata sanarwa game da haƙƙoƙin da kowane ɗan Adam ya ke da su don kasancewarsa mutum. Ƙasashe 48 suka jefa ƙuri'ar yarda, 8 suka kame hannunsu, babu ko ɗaya da ta ce ba ta yarda ba. Cikin waɗanda suka yarda akwai Masar da Habasha da Laberiya daga ƙasashen Afirka. Nijeriya a lokacin tana ƙarƙashin mulkin Ingila, sai ran 7 ga Oktoba, 1960, mako guda bayan samun mulkin kai, ta shiga Majalisar.

Sanarwar tana da matakai 30. Mataki na 3 ya yi magana a kan ran mutum da 'yancinsa da tsaron lafiyarsa. Na 5 ya hana azabtarwa da wulaƙanci. Na 9 ya hana a kama mutum ko a tsare shi ko a kore shi daga ƙasa ba bisa ƙa'ida ba. Na 11 ya nuna wanda a ke tuhuma ba mai laifi ba ne sai shari'a ta tabbatar. Na 13 ya ba mutum ikon zirga-zirga da zama inda ya so cikin ƙasarsa. Na 17 ya tsare masa dukiyarsa, na 26 ya ba shi haƙƙin neman ilmi. Na 29 kuwa ya tuna masa shi ma jama'a suna da haƙƙi a kansa, domin kada wani ya zaci an ba shi lasin yin abin da ya ga dama.

ABIN DA DOKAR NIJERIYA TA CE

Ya kamata hakimi ya san bambanci tsakanin wannan sanarwa da doka. Sanarwar alkawari ce da ƙasashe suka yi wa juna da talakawansu. Abin da alƙali ya ke yanke hukunci da shi kuwa shi ne Tsarin Mulkin Nijeriya da dokokin da ke ƙarƙashinsa. Tun gabanin samun mulkin kai, hukumar bincike ta Willink, wadda ta duba koke-koken ƙananan ƙabilu, ta ba da shawara cikin rahotonta na 1958 a rubuta haƙƙoƙin mutane cikin tsarin mulki, aka kuwa rubuta. A Tsarin Mulki na 1999 suna cikin Babi na 4, daga sashe na 33 zuwa na 46. Banda wannan, Nijeriya ta mai da Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙoƙin 'Yan Adam da Al'ummai dokar ƙasa a 1983, ta kuma kafa Hukumar Kare Haƙƙin 'Yan Adam ta Ƙasa a 1995.

Sashe na 35 shi ya fi kusa da aikin hakimi na yau da kullum. Ya ce wanda aka kama yana da ikon ya yi shiru har sai ya gana da lauya ko wani mutum da ya zaɓa. Ya ce lalle ne cikin awa 24 a sanad da shi dalilin kamun a rubuce, kuma da harshen da ya ke ji. In akwai kotun da ke da ikon sauraron maganar cikin kilomita 40, watau wajen mil 25, to, a kai shi gabanta cikin kwana ɗaya. In babu, cikin kwana biyu, ko gwargwadon abin da kotu ta ga ya dace. Wanda a ke tuhuma da laifin da hukuncinsa kisa ne, doka ta yi masa tanadi dabam wajen wannan ƙayyadadden lokaci. Wanda aka tsare ba bisa doka ba kuwa, yana da haƙƙin diyya da neman gafara a bainar jama'a. Sashe na 36 ya ƙara da cewa in mutum bai ji harshen da a ke shari'a da shi ba, a ba shi tafinta kyauta. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015 da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 sun hana a kama mutum a madadin wani, watau ba a kama uba don ɗansa ya gudu, ko mace don ba a ga mijinta ba.

A lura, doka da kanta ta ambaci harshen da mutum ya ke ji, ta kuma ambaci rubutu. Ashe ke nan maganar harshe da rubutu tana cikin ainihin haƙƙin.

FASSARA ZUWA HARSUNA

Majalisar Ɗinkin Duniya tana aiki da harsuna shida: Larabci, Turanci, Faransanci, Rashanci, Sifaniyanci da Sinanci. Amma tun ranar da aka amince da sanarwar aka roƙi ƙasashe su yaɗa ta, a karanta ta a makarantu, a fassara ta gwargwadon iko. Ofishin Babban Kwamishinan Haƙƙoƙin 'Yan Adam da ke Janiba a ƙasar Suwizalan shi ke tattara fassarorin, yana sa su a intanet don kowa ya ɗiba kyauta. A 1999 littafin Guinness, mai lissafin abubuwan da suka kere tsara, ya shaida cewa ba takardar da aka fassara zuwa harsuna da yawa kamarta. A lokacin sun kai 298. A 2016 suka wuce 500. Cikinsu akwai Hausa, da Fulatanci, da Barbarci, da Yarbanci, da Ibo, da Tibi.

To, amma gama fassara ba shi ne isar takarda hannun mai ita ba. Da farko harsuna da yawa ba su shiga intanet da rubutu sosai ba, sai da hoton takarda, don injin ba shi da baƙaƙensu. Waɗansu kuma suka shiga da baƙaƙe a gurguje, an sauke musu alamominsu. Hausa tana cikin waɗanda wannan ciwo ya taɓa, saboda baƙaƙenta masu ƙugiya.

ASALIN BAƘAƘE MASU ƘUGIYA

Hausa tana da muryoyin da Turanci ba shi da su, shi ya sa baƙaƙen boko 26 ba su ishe ta ba. Turawan farko da suka rubuta ta, waɗansu suka riƙa sa ɗigo a ƙarƙashin b da d da k, waɗansu suka riƙa sa waƙafi a sama. A 1912 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, mai makarantar Nasarawa a Kano, ya fid da ƙa'idodin rubutun Hausa da boko. Cikin shekarun 1930, sa'ad da Dr. R. M. East ya ke shugabancin Ofishin Talifi a Zariya, aka tsaya a kan baƙaƙe masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita cikin Janairu 1939, da littattafan Zariya, da azuzuwan Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, su suka kai su kowane lungu na Arewa. Editan farko na jaridar kuwa, Alhaji Abubakar Imam, haifaffen Kagara ne, maƙwabciyar Birnin Gwari ta wajen kudu. A Jamhuriyar Nijar an ƙara baƙi na huɗu mai ƙugiya, ƴ, a inda Nijeriya ta ke rubuta 'y.

Wannan ƙugiya tana sauya ma'ana ɗungum. Ƙara ita a ke kaiwa gaban alƙali. Kara kuwa na dawa ne, ko kasuwar shanu. Ƙasa ita Sarki ya ke riƙe da ita. Kasa kuwa gazawa ce, ko macijiya. Baƙi su a ke saukewa a zaure, baki kuwa da shi a ke magana. Haka ƙarya da karya, ƙafa da kafa, saƙo da sako, ɗa da da. Gwanin karatu ya kan gane abin da a ke nufi daga zubin maganar. Amma mai ƙaramin karatu, wanda a ke so ya karanta wa mutanen ƙauyensu takarda a fili, shi ya kan yi tuntuɓe, in kuwa ya yi tuntuɓe sau biyu sau uku, sai masu sauraro su watse. A takardar shari'a kuwa, baƙi guda yana iya jawo gardamar wata guda.

YADDA INJI YA KE RIƘE RUBUTU

Tsofaffin ma'aikata sun san wayar tangaraho: kowane baƙi yana da nasa bugu, gajere da dogo, mai karɓa a can ya ji bugun ya rubuta baƙin. In baƙi ba shi da bugu, ba ya tafiya. Baƙaƙe masu ƙugiya ba su da shi, saboda haka telgiram ɗin Hausa kullum ba ƙugiya ya ke isowa. Keken rubutu na ofis ma haka: magatakarda ya kan buga takarda, sa'an nan ya bi ta da alƙalami yana ɗora ƙugiya a kan kowane k da ya kamata.

Kwamfuta da wayar hannu bisa wannan hanya su ke aiki, sai dai su lamba su ke ba kowane baƙi. Injin bai san baƙi ba, lamba kaɗai ya sani. A 1963 aka fid da wani jeri a Amurka, sunansa ASCII, mai gurbi 128 kacal, wanda ya ɗauki manyan baƙaƙen Turanci, da alƙaluman lissafi, da alamomin rubutu, daga baya kuma aka ƙara ƙananan baƙaƙe. A cikinsa babban A lambarsa 65, ƙaramin k kuwa 107. Babu gurbin ƙ, babu na Larabci, babu na Sinanci. Kowace ƙasa ta shiga ƙago nata jeri, har ya zama lamba guda tana nufin wani baƙi a Masar, tana nufin wani dabam a Rasha. Takarda ta bar wannan inji lafiya lau, ta isa wancan kamar kaji sun yi tono a kanta.

Masu rubutun Hausa ma suka yi tasu dabara. Cikin shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya shirya zubin baƙaƙe na kwamfuta mai ƙugiya, wanda a ke kira Rabi'at, ya kuwa taimaki maɗaba'u da marubuta ƙwarai. Dabarar irin waɗannan zubi ita ce a ari gurbin wata alama da ba a cika aiki da ita ba, a zana ƙ ko ɗ a wurin. Muddin takardar tana cikin injin da ke da zubin, ko an buga ta a maɗaba'a, to, daidai ta ke. Amma in aka aika ta injin da ba shi da shi, sai aron ya koma wa mai shi. Wannan ne dalilin da ya sa har yanzu a kan ci karo da tsofaffin takardun Hausa a intanet inda aka rubuta }asa maimakon ƙasa, ko ]an maimakon ɗan.

LAMBA GUDA GA KOWANE BAƘI

Maganin wannan rikici shi ne duniya duka ta yarda da jeri guda, a ba kowane baƙi na kowane harshe lambarsa ta har abada, wadda ba za a ba wani ba. A 1991 aka kafa ƙungiyar Unicode a jihar Kalifoniya ta Amurka don wannan aiki, cikin Oktoban shekarar kuma ta fid da jerinta na farko. Jerin yana da gurbi fiye da miliyan ɗaya, an kuwa riga an cika sama da 150,000. A 1992 waɗansu masana biyu, Ken Thompson da Rob Pike, suka ƙago hanyar ajiye waɗannan lambobi da aikawa da su, wadda a ke kira UTF-8. Kyaunta shi ne ba ta taɓa lambobin tsohon jeri ba, saboda haka tsofaffin takardu ba su lalace ba. Yau kusan dukan shafukan intanet da ita su ke aiki.

Ga lambobin baƙaƙen Hausa cikin wannan jeri: ɓ 595, ɗ 599, ƙ 409, ƴ 436. Manyansu kuwa: Ɓ 385, Ɗ 394, Ƙ 408, Ƴ 435. Alamar Naira ma, ₦, tana da tata, 8358. Ba a bukatar magatakarda ya haddace su. Abin da a ke so ya gane shi ne, in ya buga ƙ ta gaskiya a Birnin Gwari, lamba 409 ce ta ke tafiya, kuma ƙ za a gani a Kaduna, da Maraɗi, da Makka, da Landan. In wani tsohon inji ya nuna ɗan akwati a gurbinta, to, zanen baƙin ne ba shi da shi. Lambar tana nan ba ta ɓace ba, da an buɗe takardar a wani inji za ta fito.

Da wannan jeri ya kafu, sai waɗansu masu aikin sa kai, a ƙarƙashin inuwar ƙungiyar Unicode, suka bi fassarorin sanarwar 1948 ɗaya bayan ɗaya, suka sake buga ɗaruruwansu da lambobin sabon jeri, kowane mataki a gurbinsa, yadda za a iya jera mataki na 9 na Hausa kusa da na Larabci da na Turanci a gwada. Cikin abin da suka tattara akwai Hausa da rubutun Nijeriya, akwai kuma da rubutun Nijar.

Rubutu na sosai ya fi hoton takarda ta hanyoyi da dama. Ana iya neman kalma a cikinsa a same ta nan take. Ana iya ɗebo mataki guda a sa cikin wasiƙa. Ana iya ƙara girman baƙaƙen don dattijon da idonsa ya yi rauni. Sa'an nan ba shi da nauyi: matakan nan 30 gaba ɗaya ba su kai nauyin hoto guda da a ke ɗauka da waya ba, saboda haka suna iya sauka ko inda waya ba ta kamawa sosai.

AJAMI DA SAURAN RUBUCE-RUBUCE

Mutane da yawa a ƙauyuka ba su yi boko ba, amma sun yi makarantar allo, suna karanta ajami sarai. Su ma ba a bar su a baya ba. Rubutun allo na ƙasar Hausa bisa ruwayar Warshu ya ke, inda fa ta ke da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo guda a sama. A 2016 aka ba waɗannan siffofi lambobinsu cikin jerin, a 2020 kuma aka ƙara waɗansu baƙaƙe masu ɗigo uku da a ke bukata wajen rubuta Hausa da ajami. Akwai zubin baƙaƙe na kwamfuta mai suna Alkalami, wanda aka zana bisa hannun malaman Kano, ana samunsa kyauta.

Fulatanci na boko yana aiki da ɓ da ɗ da ƴ kamar Hausa, da ƙarin ŋ, dukansu suna cikin jerin. Har ila yau akwai rubutun Adlam, wanda waɗansu 'yan'uwa biyu, Ibrahima da Abdoulaye Barry, suka ƙago wa Fulatanci a ƙasar Gini a 1989. Shi ma ya shiga jerin a 2016, an kuma rubuta sanarwar da shi. Rubutun Tifinag na Buzaye ya shiga tun 2005.

ABIN DA YA SA MAGANAR TA SHAFI BIRNIN GWARI

Ƙasar Birnin Gwari ƙasa ce mai faɗi da daji. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936, aka mai da shi gandun ƙasa a 1999, ya haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara. Daga gari zuwa Kaduna ya fi kilomita ɗari, garuruwa kamar Kuyello da Dogon Dawa da Randagi da Kakangi da Tabanni kuma kowanne da tasa tazara daga hedkwata. Hausawa da Gbagyi da Kamukawa da Fulani duk suna zaune a ƙasar, ba kuma dukansu ke jin Turancin da a ke rubuta doka da shi ba.

Ba sai an gaya wa hakimai irin wahalar da ƙasar ta sha a hannun 'yan bindiga shekara da shekaru ba. An kashe mutane, an sace waɗansu don kuɗin fansa, an kore shanu, an tashi ƙauyuka, an bar gonaki, hanyar Kaduna da ta Funtuwa suka zama abin tsoro. Duk waɗannan keta haƙƙoƙin da aka lissafta a sama ne, na rai da na dukiya da na tafiya da na karatun yara. A irin wannan hali kuma kame ya kan yi yawa, zargi ya kan faɗa kan mai laifi da marar laifi, wani lokaci don harshensa ko kamanninsa kawai. Cikin Nuwamba 2024 aka yi sulhu, Gwamna Uba Sani ya zo ya buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari bayan ta daɗe a rufe. Sulhu kuwa ba ya ɗorewa sai manomi da makiyayi kowa ya tabbata in an cuce shi akwai inda zai kai ƙara, ba sai ya ɗauki makami ba.

Akwai kuma darasi guda da bai kamata a manta ba. A ƙarshen Satumba 2021 Gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka yanke layukan waya a waɗansu sassan jihar, har da Birnin Gwari, saboda tsaro, ba ta ba da umurnin a mayar ba sai ƙarshen Nuwamba. Cikin wannan lokaci duk abin da ke intanet ya zama kamar babu shi. Wanda ya riga ya sauke takarda cikin wayarsa, ko ya buga ta ya ajiye, shi kaɗai ke da ita.

ABIN DA A KE BUKATA GA HAKIMAI DA MAGATAKARDA

Na ɗaya. Kowane ofishin hakimi ya samu sanarwar 1948 ta Hausa, a sauke ta cikin waya ko kwamfuta, a kuma buga ta a takarda, a ajiye kofe guda cikin fayil, a manna guda a zaure. A haɗa da bayanin sashe na 33 zuwa na 46 na Tsarin Mulki da Hausa, wanda wani masanin doka ya duba.

Na biyu. Kafin a buga, magatakarda ya karanta takardar daga farko har ƙarshe. In ya ga an sauke ƙugiya, ya mayar. In ya ga baƙin alamomi a gurbin ƙ da ɗ da ɓ, ya san tsohon zubi ne, ya sake buga waɗannan baƙaƙe da na gaskiya. Amma kada ya sauya kalma ko ɗaya ta cikin matakan, domin gyaran baƙi aikinsa ne, sauya magana kuwa ba nasa ba ne.

Na uku. A sa allon baƙaƙen Hausa cikin wayar ofis da kwamfutarsa. Allon Gboard na wayar hannu yana da Hausa, kwamfuta mai Windows ma haka, ba a kuwa biyan ko kwabo. A allon waya, in an danne k aka ɗan riƙe, ƙ za ta fito. A daina sa q a gurbin ƙ cikin takardun ofis, gama wanda ya nemi ƙara cikin rajista ba zai sami wadda aka rubuta da q ba.

Na huɗu. A san cewa gajeren saƙon waya yana ɗaukar baƙi 160 in na Turanci ne zalla, amma da ƙugiya guda ta shiga sai ya koma 70, kuɗin aikawa ya ƙaru. Wannan na cikin abin da ya koya wa mutane sauke ƙugiya. A saƙon gaisuwa ba laifi. A takardar sammaci, da ta gado, da ta iyakar gona, da sunayen mutane cikin rajista, ba a yarda da wannan rangwame ba.

Na biyar. A riƙa karanta matakan a fili, biyu ko uku a zama guda, ran taron dagatai da masu unguwa, da ran kasuwa, tare da bayani da misali. Inda masu ajami suka fi yawa, a sa malami ya juya musu da ajami. Inda Gbagyi ko Kamukawa ko Fulani suka fi yawa, a nemi tafinta amintacce daga cikinsu, a kuma rubuta abin da ya fassara don kada ya sauya daga zama zuwa zama. Ofishin Janiba yana karɓar sababbin fassarori daga jama'a, ya duba su, ya sa su tare da sauran. A tabbata mata sun ji, ko ta bakin malamansu na Islamiyya, ko ta ungozomomi da ma'aikatan asibiti.

Na shida. In an kama wani talakan hakimi, magatakarda ya rubuta sunansa daidai, da rana, da sa'a, da wurin da aka kai shi, da ko an gaya masa dalili da harshen da ya ke ji. Wannan ba tsoma baki cikin aikin jami'an tsaro ba ne. Taimako ne gare su da kotu, kariya ce kuma ga hakimi kansa ran da aka zo bincike. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya, a nuna wa danginsa hanyar Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976, ko ofishin Hukumar Kare Haƙƙin 'Yan Adam da ke Kaduna. Sashe na 46 ya ba wanda aka keta wa haƙƙi ikon kai kukansa Babbar Kotu.

RUFEWA

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Masu fassara sun yi nasu, masu ba baƙaƙe lamba sun yi nasu, takarda ta iso har cikin wayar da ke aljihun magatakarda, da Hausa, da ƙugiyarta cif. Tsakanin wannan waya da kunnen manomin Kakangi ko makiyayin bakin Kamuku kuwa, ba wanda zai kai ta sai hakimi da dagaci da malaminsu. Ana fata kafin taron hakimai mai zuwa kowane ofis zai iya nuna kofensa a manne a zaure, ya kuma faɗi garuruwan da aka karanta ta.

Allah ya zaunad da ƙasar Birnin Gwari lafiya, ya mai da waɗanda suka yi gudun hijira gidajensu, ya ba da damina mai albarka. Allah ya ja zamanin Sarki. Amin.

Haza wasalam.